Tsuntsun da Bai Ja Ruwa Ba: Ƙarfin Magani da Haƙƙin Wanda Ba a Gani

Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. A cikin wannan karin magana akwai wata natsuwa da zuciyar ɗan Adam take so, wato cewa duniya tana da ma'auni, kuma sakamakon aiki yana komawa kan mai shi. A kan wannan ne muka gina yawancin abin da muka sani game da laifi da haƙƙi. Idan shanu suka shiga gona kafin a kwashe hatsi, akwai mai shanu, akwai mai gona, akwai kuma ɓarnar da za a je a gani da ido, a ƙiyasta, a biya. Kowane mai shari'a, tun daga mai gari har zuwa alƙalin kotu, abu uku yake nema: wa ya yi, wa aka yi wa, me aka ɓata. To amma akwai wata irin ɓarna a zamaninmu wadda ba ta amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan uku cikin sauƙi. Wanda ya jawo ta bai san ya jawo ta ba, wanda ta faɗa wa bai san inda ta fito ba, abin da aka ɓata kuwa ba shi da nauyin da za a aza a sikeli. Wannan ɓarna ita ce mutuwar ƙarfin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda likitoci ke kira antibiyotik, musamman ta hanyar abin da muke ba dabbobinmu, daga baya mu ci namansu, mu sha nononsu.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Mutum ya turke rago domin layya, saura makonni kaɗan, sai ragon ya fara zawo ya daina cin dusa. Ya tafi kasuwa wurin mai tallan magani, ya sayo ƴan kafso ja da rawaya, ya fasa a ruwa ya ɗura masa. Bayan kwana biyu rago ya miƙe, sai ya ajiye sauran. Wani kuma yana da kaji ɗari biyar a bayan gari, yana zuba musu garin magani a ruwan sha tun suna ƴan tsaki, lafiyarsu lau, don dai kada ciwo ya shigo, don kuma su yi saurin nauyi. Wata saniya an yi mata allura da yamma, da safe an tatse ta, madarar ta tafi kasuwa. Babu ko ɗaya a cikin mutanen nan da ya yi nufin cutar da kowa. Kowannensu da kuɗinsa ya sayi magani, dabbarsa ya ba, dukiyarsa yake karewa. Duk da haka akwai abin da ya fita daga gidajensu ya shiga cikin jama'a.

Kafin mu yi hukunci, sai mun fahimci yadda abin yake gudana. A cikin hanjin kowane mutum da kowace dabba akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, adadinsu ya wuce lissafi. Mafi yawansu ba sa cutarwa, wasu ma suna taimakon narkar da abinci. Idan magani ya shiga jiki, yana kashe waɗanda ba su iya jure masa, ya bar ƴan tsirarun da suka dace da wata kariya a cikin halittarsu. Waɗannan tsiraru sai su sami fili, ba mai takara da su, su hayayyafa. Ƙwaya ɗaya ta irin da ake kira E. coli tana iya rabuwa biyu cikin minti 20 idan yanayi ya yi mata daɗi, wato cikin awa 8 ɗaya ta haura miliyan 16. Manomi ya san irin wannan a gonarsa: ciyawar da ta tsira daga noma ita ce ke zubar da irin baɗi. Magani kaɗan kaɗan na tsawon lokaci, ko maganin da aka katse a tsakiya, kamar noma ne na rabi da rabi, wanda ke kawar da mai rauni ya bar wa mai taurin kai gona.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan ban mamaki. Bakteriya ba daga uwa zuwa ɗiya kaɗai suke gadar da kariyar ba. Sukan ɗauke ta a kan wani ɗan zaren gado mai kama da zobe, su miƙa wa maƙwabciyarsu, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Saboda haka ƙwayar da ba ta cutarwa a hanjin kaza tana iya isa hanjin mutum ta miƙa wannan kariya ga wata mai kisa. Hanyoyin isowarta kuwa suna da yawa: hannun mai fiɗa, wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama sa'an nan aka yanka tumatir, madarar da ba a tafasa ba, kashin kaji da aka kai lambu taki aka shuka salati a kai, ruwan da ya gangaro daga mahauta zuwa tafki, ƙuda da ke tashi daga juji ya sauka a kan akushi. Wuta tana kashe bakteriya, don haka naman da ya dahu sosai ba shi ne babbar ƙofa ba. Ƙofar tana cikin duk abin da ya taɓa naman kafin ya hau wuta.

Wannan ba sabon labari ba ne. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a Landan a shekarar 1928, da kansa ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Ba a yi shekara biyar ba sai wasu masana a Amurka, cikinsu da Thomas Jukes, suka lura cewa ƴan tsakin da aka zuba wa ɗan antibiyotik a abinci sun fi saura saurin girma. A 1951 hukuma ta amince, maganin da aka samo domin ceton rai ya zama abin ƙara kilo. A 1976 wani likita, Stuart Levy, ya buga sakamakon gwajin da ya yi a wata gona kusa da Boston: aka ba kaji abinci mai tetrasikilin, cikin mako ɗaya kusan dukan bakteriyar hanjinsu ta koma mai bijire wa maganin, bayan wata biyar zuwa shida kuma aka sami irin wannan bijirewa ta yawaita a hanjin mutanen gidan, alhali ba su sha maganin ba. Ƙasar Suwidin ta hana ba dabbobi antibiyotik don ƙarin girma a 1986, Tarayyar Turai ta bi sahu gaba ɗaya a 2006, Amurka ta taƙaita a 2017. A ƙarshen 2015 masana a ƙasar Sin suka bayyana wata ƙwayar gado da suka sa wa suna mcr-1, a jikin aladu, da naman kasuwa, da majinyata a asibiti. Tana karya ƙarfin kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa sai sauran duka sun gaza, wanda kuma a lokacin ake zuba wa dabbobi a abinci. Cikin ƴan watanni aka gano ta a nahiyoyi da dama.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsalar Turawa ce da manyan gonakinsu. Wani babban bincike da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta bijire wa magani, adadin da ya wuce na zazzaɓin cizon sauro a wannan shekara, ya kuma wuce na sida. Yankin da ya fi kowane yawan mace-mace gwargwadon jama'arsa shi ne namu, Afirka ta Yamma, mutum 27 cikin kowane 100,000. A nan Maraɗi ma an duba. Wani bincike da aka buga a 2011 ya bi yara 55 masu tamowa mai tsanani da aka kwantar a wata cibiyar jinya: 17 daga cikinsu sun iso daga gida ɗauke da bakteriya mai karya manyan magungunan da ake dogaro da su, daga cikin 16 da suka iso ba su da ita aka sake auna su ranar sallama kuwa, 15 sun ɗauka. Waɗannan yara ba su taɓa sayen kafso ba, ba su da kaji, ba su da shanu. Su ne tsuntsun da bai ja ruwa ba.

Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa dabbobi ba su ne tushen abin kaɗai ba, kuma a wurare da yawa ba su ne mafi girma ba. Wani lissafi da aka yi a Holand a 2019 ya nuna cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na irin wannan bakteriya da ake samu a jikin jama'ar gari daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa, kusan kashi 19 kuma ta hanyar abinci. Mu da kanmu muna shan antibiyotik don mura, wadda ba ta jin sa ko kaɗan, muna kuma ajiye shi da zarar jiki ya yi sauƙi. Amma a duniya gaba ɗaya, abin da ake ba dabbobi na waɗannan magunguna ya fi abin da mutane ke sha nauyi, kuma a gidajenmu, inda akuya da kaza da yaro mai rarrafe suke tsakar gida ɗaya, tazarar da ke tsakanin hanjin dabba da bakin mutum gajera ce ƙwarai.

Yanzu mu koma ga tambayar da muka fara da ita. Me mutum ya saya lokacin da ya miƙa kuɗi ya karɓi kafso? Ya sayi garin da ke ciki, wannan nasa ne. Amma abin da ya sa garin ya zama magani shi ne cewa ƙwayoyin cuta ba su san makamarsa ba tukuna, wannan kuwa ba a cikin kafso yake ba. Yana warwatse a cikin hanjin mutane da dabbobin gari duka, har da na waɗanda ba a haifa ba, domin jariri daga jikin uwarsa da hannun masu renonsa yake samun bakteriyarsa ta farko. Kowane amfani da aka yi da maganin, na kirki da na banza, yana ɗan rage wannan ƙarfi. Ke nan ƙarfin magani ya fi kama da rijiyar gari. Guga naka ne, igiya taka ce, ruwan da ka ja ka zuba a tulunka ya zama naka, amma idon rijiyar na kowa ne. Makiyayan arewacin Tawa sun san wannan tun kafin a rubuta doka: mai rijiya ba ya hana baƙo shayar da dabbobinsa, baƙo kuma ba ya janye ruwan har ya bar laka. Bambancin shi ne rijiya tana sake kawo ruwa da dare, ƙarfin magani kuwa idan ya tafi dawowarsa tana da wuya, sabbin nau'o'in antibiyotik da ake samowa kuma sun yi ƙaranci tun shekarun 1980.

Idan haka ne, to mai amfani da magani riƙon amana yake yi, ko ya sani ko bai sani ba. Sai dai akwai maganganu uku da za a iya tarar wannan ra'ayi da su, kuma kowace tana da nauyinta.

Ta farko, a ce ai ba da niyya ba ne, aiki kuwa da niyya ake auna shi. Gaskiya ne rashin niyya yana ɗauke zunubin mugunta, amma bai taɓa ɗauke nauyin gyara ba. Wanda ya ƙona sharar gonarsa iska ta kwashi wutar zuwa rumbun maƙwabci, ba a kiransa azzalumi, amma ba a ce masa ba ruwansa. Uzurin rashin sani kuma yana da iyaka: yana ƙarewa ranar da sani ya iso. Malaman mazhabar Malikiyya suna da ƙa'idar toshe kafar ɓarna, wato a hana abin da asalinsa halal ne idan an tabbatar yana kai wa ga cuta. Ban ga wurin da wannan ƙa'ida ta fi dacewa ba kamar zuba wa lafiyayyar kaza maganin da yaro mai ciwon huhu zai nema gobe.

Ta biyu, a ce me kafso goma na mutum ɗaya za su yi a cikin wannan teku? Wannan ita ce maganar da kowane mai saran itace ya faɗa wa kansa har dajin ya ƙare. Ɓarnar da aka yi tarayya a cikinta ba ta zama ta ba kowa ba don kawai masu ita sun yi yawa. Kowa yana da rabonsa, ko da ba a iya auna shi. Mun kuma ga kishiyar haka a ƙasarmu: a yankunan Maraɗi da Damagaram manoma ne, ɗaya bayan ɗaya, suka daina tumɓuke tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu tun daga shekarun 1980, har miliyoyin eka suka sake yin inuwa. Babu wanda itacensa ɗaya ya tsayar da hamada, amma da kowa ya yi wannan lissafi da ba a sami ko ɗaya ba.

Ta uku ita ce mafi ƙarfi. Talaka yana da saniya ɗaya, ita ce abincin ƴaƴansa, ita ce ajiyarsa. Likitan dabbobi yana da nisa, mai tallan magani yana bakin kasuwa. Da wane baki za a ce masa ya bar ta ta mutu domin wani yaron da bai sani ba a wata shekara da ba ta zo ba? Amsa ita ce ba wanda ya ce ya bar ta. Dabba marar lafiya tana da haƙƙin jinya a kan mai ita, barin ta cikin wahala ma laifi ne. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nema a 2017 shi ne a daina ba lafiyayyun dabbobi antibiyotik don ƙarin girma ko don tsoron ciwon da ba a gani ba. Amana ba ta hana amfani da abu ba, ta hana almubazzaranci da shi ne.

Domin a ga inda iyakar take, mu dubi wani gwaji da aka yi a jihar Doso, tare da wasu yankuna na Malawi da Tanzaniya, wanda aka buga sakamakonsa a 2018. An riƙa ba dukan yara daga wata 1 zuwa wata 59 maganin azitromisin sau biyu a shekara, masu lafiya da marasa lafiya. A Nijar mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari. Amma an kuma auna cewa bijire wa wannan nau'in magani ya ƙaru a ƙauyukan da aka raba shi. A nan masana sun yi muhawara mai zafi, domin an aza ran yaron yau a gefe ɗaya na sikeli, na yaron gobe a ɗaya gefen, kuma mai hankali yana iya tsayawa a kowane ɓangare da hujjarsa. Darasin da nake so mu ɗauka shi ne wannan: idan har ciyar da ƙarfin magani don ceton ran yaro yana bukatar irin wannan dogon tunani, ta yaya za a ciyar da shi ba tare da tunani ba don kaza ta kai kasuwa da kwana kaɗan kafin lokacinta? Dukiya ɗaya ce ake ɗiba a wurare biyun.

Nauyin amanar nan ba daidai yake a kan kowa ba. Yana bin gwargwadon sani da iko. Mafi nauyi yana kan ƙasashen da suka yi shekara hamsin suna kitsa dabbobinsu da shi kafin su farga, da kamfanonin da suka ci ribar sayar da shi, domin su ne suka fi ɗiba daga rijiyar. Sa'an nan hukuma, wadda ke da ikon tsare iyaka daga jabun magani, da kai allurar rigakafin dabbobi har ruga, da samar da ɗakunan awo inda likita zai gane wace ƙwaya yake yaƙa kafin ya rubuta magani. A watan Satumba na 2024 ƙasashen duniya sun ɗauki alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su rage mace-macen da wannan matsala ke jawowa da kashi 10 cikin ɗari kafin 2030, alkawari kuwa kaya ne. Bayan su sai likita da mai sayar da magani da mai babbar gonar kaji, waɗanda suka iya karanta abin da ke jikin kwalba. Makiyayi na daji yana can ƙarshen layi. Abin da za a fara yi masa shi ne a kai masa sani cikin harshensa, a rediyo da kasuwa da bakin rijiya, kafin a kai masa zargi.

Amma akwai abu ɗaya da ke hannun kowa, babba da ƙarami. Kowane maganin dabbobi na ƙwarai yana da kwanakin jira a rubuce a jikinsa, waɗanda a cikinsu ba a sayar da madara, ba a cin ƙwai, ba a yanka dabbar. Mata masu nono sun san alamar tun kafin a gaya musu, domin madarar saniyar da aka yi wa allura takan ƙi kamawa yadda aka saba, maganin ya kashe ƙwayoyin da ke mayar da ita kindirmo. Mun daɗe da sanin cewa zuba ruwa a nono algus ne, ɓoye aibin dabba ga mai saye ha'inci ne. Sayar da madara ko nama a cikin kwanakin jira, ga wanda ya sani, aibi ne da aka ɓoye, sai dai wannan ba a gane shi da ɗanɗano. Zubar da tatsar kwana uku asara ce ta gaske ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma wanda ya yi ta babu mai gani balle ya yaba. Irin wannan wuri ne ake sanin mai amana.

Tarbiyyarmu ta koya mana haƙƙin maƙwabci, muka fahimce shi a kan wanda katangarsa ke jingine da tamu. Ilimin ƙwayoyin cuta ya nuna mana cewa maƙwabtakar ta fi haka faɗi. Mai kaji a bayan gari maƙwabcin mai jego ne da aka yi wa aiki a asibitin Yamai, mai turken rago maƙwabcin jaririn da za a haifa baɗi ne a Madarumfa. Ba za su taɓa haɗuwa ba, ba wanda zai kai ƙarar wani. Ruwan da ɗaya ya ja ne kawai zai doki ɗayan. Wanda ya riƙe kafso a hannunsa, ko don kansa ko don dabbarsa, yana da tambayoyi uku da zai yi kafin ya fasa shi: akwai ciwo na gaske, wannan ne maganinsa, zan kuma kai shi ƙarshe? Idan amsar ɗaya daga ciki a'a ce, to ya mayar da shi, ya nemi wanda ya sani. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar waɗanda ba mu gani ba.